TSAKANIN SALLAR ASUBA DA FITOWAR RANA: NASIHA GA MAI NAUYIN JIKI

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Yabo da godiya sun tabbata ga Ubangijin da Ya ƙera ɗan Adam, Ya daidaita gaɓoɓinsa, Ya sanya masa zuciya mai bugawa dare da rana ba tare da ta nemi lada ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, maganar da za mu yi a wannan fitowa magana ce wadda mu kanmu mun daɗe muna kauce mata, domin ta shafe mu kafin ta shafi kowa. Dalilinta kuwa wani ɗan'uwa ne daga cikin ƴan sahun farko na masallacinmu, ɗan kasuwa, mutumin kirki, wanda bai cika shekara hamsin da biyar ba. Wata ranar Talata ya tsuguna zai yi alwalar Azahar, buta ta suɓuce daga hannunsa, ya kishingiɗa a jikin bango, bakinsa ya karkace. Da aka kai shi gidan likita aka ce jini ne ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Allah Ya yi masa sauran kwana, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma yau a zaune yake sallah. Mun yarda da ƙaddara, alherinta da sharrinta. To amma da muka je duba shi, ma'aikacin lafiyar da ke wurin ya ce tun da ga mu mun zo, bari a auna mu. Mu biyar muka miƙa hannu, uku daga cikinmu awonsu ya haura 140 bisa 90, wato iyakar da likitoci ke kiran abin hawan jini idan ya maimaitu. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya taɓa jin ciwon komai. Ya rubuta abin da zai rubuta, sa'an nan ya dube mu ya ce: "Alhazai, ku rage gishiri, ku kuma dinga motsa jiki." Muka yi masa godiya, muka fito, kowa ya hau babur ɗinsa.

Wata biyu muka yi muna cewa sai gobe.

Mu fara ware waɗanda wannan nasiha ba ta hau kansu ba, don kada a zalunce su. Manomin da ya kwashe wuni yana huɗa da hauya, da makiyayin da ke bin garke daga rijiya zuwa rijiya, da matar ƙauye mai daka da sussuka da ɗaukar ruwa da itace, da ɗan ga-ruwa mai tura kura cikin gari, waɗannan jikinsu hutu yake nema da abinci mai kyau, kuma wanda ya ce su ƙara da gudun safe ya yi musu ba'a. Da mu ake, mutanen birni: mai kanti da ke zaune kan benci daga hantsi har la'asar a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, da ma'aikacin da ke bayan tebur a Yamai, da direba, da ɗan kabu-kabu, da tela, da malamin zaure wanda ke kan buzu tun safe almajirai na zuwa suna tafiya shi bai gusa ba. Kakanninmu sun taka daga ƙasar Hausa har Gwanja fataucin goro, ayari ya ratsa Tenere zuwa Bilma ɗaukar gishiri, wasu kuma sun tafi Makka da ƙafa ta ƙasar Cadi da Sudan, suna shekaru a hanya. Mu jikokinsu, masallacin da ke bayan gida sai mun tayar da babur. Abincin kuwa ya canza: shinkafa da mai, shayi zagaye uku kowane da sukari, lemun kwalba, dunƙulen ɗanɗano a kowace miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya ba sa motsa jiki gwargwadon da ya kamata. Gwargwadon da ta shawarta kuwa shi ne minti 150 a mako na motsi matsakaici kamar tafiya da sauri, ko minti 75 na motsi mai ƙarfi kamar gudu. Idan aka raba 150 ɗin nan bisa kwana biyar, rabin awa ne kacal a yini. Wane ne a cikinmu zai rantse cewa ba ya ɓatar da rabin awa a hira?

Jiki amana ne

Ya ku bayin Allah, wannan jiki ba mallakarmu ba ne. Ajiya ce, kuma za a tambaye mu yadda muka tafiyar da ita. Lokacin da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (R.A.) ya tsananta wa kansa da azumin kullum da tsayuwar dare duka, Manzon Allah (S.A.W.) ya tsayar da shi, ya sanar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, haka idonsa, haka iyalinsa. Ku dubi wannan da kyau. Idan har an hana mutum cutar da jikinsa da ibada, to ina ga wanda ke cutar da shi da zama da ƙoshi? Kuma a hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.), an fifita mumini mai ƙarfi a kan mumini mai rauni wajen alheri da soyuwa ga Allah, tare da cewa kowannensu akwai alheri a tattare da shi. Malamai sun ce asalin ƙarfin da ake nufi shi ne na imani da azama, haka ne, amma da yawa daga cikinsu sun shigar da ƙarfin jiki a ciki, domin da shi ake tsayuwa a sahu, da shi ake azumi a watan Afrilu, da shi ake neman halali, da shi ake ɗaukar gawar ɗan'uwa zuwa makwancinta. Alƙur'ani mai girma ma, da ya zo ba da labarin Ɗalutu a Suratul Baƙara, abu biyu ya ambata da aka fifita shi da su: yalwar ilimi da yalwar jiki.

Akwai kuma hadisin Ibnu Abbas (R.A.) a cikin Bukhari, wanda ya nuna cewa ni'ima biyu ce mutane da yawa ke tafka hasara a cikinsu, lafiya da sararin lokaci. Kalmar da aka yi amfani da ita a Larabcin hadisin kalma ce ta ƴan kasuwa, irin wadda ake faɗa ga wanda ya sayar da kaya mai tsada a kan kuɗi kaɗan bai sani ba. Ɗan kasuwar da aka cuta da jika ɗaya ba ya barci a daren. To ga shi nan yana sayar da lafiyar zuciyarsa a kan awa ɗaya ta barcin safe, kuma yana ganin ya ci riba.

Kunyar da ta hana mu

Gaskiyar magana, abin da ya tsare mu wata biyu kunya ce, ta fi ƙiwuya yawa. A al'adarmu dattijo ba ya gudu sai da dalili: ko gobara, ko ɓarawo, ko an biyo shi. Mutum mai iyali, mai gemu, wanda ake gaidawa da Alhaji ko Malam, a gan shi da sassafe yana sassarfa a bakin kwalta? Me surukai za su ce? Me almajirai za su ce? Muka ce wannan aikin soja ne da ƴan ƙwallo da ƴan lakkol. Har wani daga cikinmu ya ce koyi ne da Nasara.

Sai muka koma ga littattafai, kunyar ta juyo kanmu. Imamu Ahmad da Abu Dawuda sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.), mafi girman daraja a cikin halitta, ya yi tseren ƙafa da Uwar Muminai A'isha (R.A.) a cikin wata tafiya, bayan ya umurci jama'a su yi gaba. A karon farko tana da ƙarancin jiki, ta tsere masa. Bayan wani zamani, da ta yi jiki, suka sake, shi kuma ya tsere mata, ya yi dariya yana nuna mata cewa ya rama. Wane Alhaji ne a Tawa ko Ƙonni zai ce girmansa ya kai a ce gudu ya zubar masa da mutunci, alhali bai zubar da na fiyayyen halitta ba? Sahabbai kuma sun siffanta tafiyarsa ta yau da kullum da cewa mai kuzari ce, kamar mai gangarowa daga tudu, har Abu Huraira ya ce su suna wahala wajen bin sa, shi kuwa ko a jikinsa. Kowace Asabar yakan je masallacin Ƙuba, wani lokaci a kan dabba, wani lokaci a ƙafa, kuma tsakanin Ƙuba da masallacinsa ya haura kilomita 3.

Ga kuma Salamatu ɗan Akwa'u (R.A.). Ranar da mahara suka kore raƙuman Manzon Allah (S.A.W.) daga makiyayarsu a bayan Madina, shi kaɗai ya bi su da ƙafa yana harbinsu da kibau, su suna kan dawaki, har ya ƙwato raƙuman kafin mahaya su iso. Wannan shi ne yaƙin da ake kira Zu Ƙarad, kuma a ranar an yabe shi da cewa shi ne mafi alherin dakarun ƙasa. A hanyar komawa wani mutumin Madina wanda ba a taɓa tsere masa ba ya yi ta neman abokin tsere. Salamatu ya nemi izinin Manzon Allah (S.A.W.), aka ba shi, suka zuba, ya riga shi shiga gari. Fikihunmu na Malikiyya ma bai bar wannan babi ba. A cikin Mukhtasar na Shaihu Halilu an halatta tsere da sanya lada a kan dawaki da raƙuma da harbi, sa'an nan aka halatta sauran ire-irensa idan babu kuɗi a ciki, masu sharhi kuma suka lissafa tseren ƙafa a cikinsu matuƙar manufar ta inganta. Ashe abin da muka kira na baƙi, namu ne muka yar.

Ko a al'adar ƙasar nan, ai ba mu raina ƙarfin jiki ba. Tun daga shekarar 1975 da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa, babu dattijon da ke jin kunyar manna kunne ga rediyo idan ƴan kokowar jiharsa sun shiga fili. Da Abdurrazaƙ Isufu Alfaga ya ciyo lambar azurfa a wasannin Olamfik na Riyo a shekarar 2016, kowa ya yi murna. Muna son ƙarfi a jikin wani, muna jin nauyin nema wa namu.

Ranar farko

Da muka yanke shawara, sai muka yi kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi. Bayan an sallame Asuba muka fita mu huɗu, kowa na son nuna wa ɗan'uwansa cewa da sauransa. Muka zabura kamar samari. Ba mu kai ƙarshen layi na biyu ba sai ga mu a tsaye, hannu a gwiwa, ƙirji na zafi, miyau ya kafe. Mai shayin bakin hanya da ke hura wuta ya miƙe tsaye a firgice ya ce: "Subhanallahi! Baba, lafiya? Wa ya biyo ku?" Ba mu da numfashin ba shi amsa. Kwana uku bayan nan cinyoyinmu sun yi tsami, ruku'u da sujada sai da dabara, tashi daga zaman tahiya kuwa sai an dafa ƙasa. Ɗaya daga cikinmu ya ce shi ya tuba, kuma har yau bai dawo ba. Muna nan muna lallashinsa.

Da mun karanta labarin Salamatu da idon basira da ba mu sha wannan wuya ba, domin shi da bakinsa ya ce a farkon tseren ya riƙe kansa tudu ɗaya ko biyu yana adana numfashi, sai daga baya ya saki ƙafa. Akwai ma abin da ya fi wannan bayani. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya shirya sukuwar dawaki, sai ya raba su gida biyu. Waɗanda aka horar, aka rage musu kitse, aka sa su gudu daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, nisan mil 5 ko 6. Waɗanda ba a horar ba kuwa, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, mil 1 kawai. Doki ke nan, dabbar da aka halitta domin gudu, ba a ɗora masa abin da bai saba ba. Ina ga mutum mai shekara hamsin wanda rabonsa da gudu tun yana makarantar allo?

Saboda haka ga yadda muka sake farawa, kuma shi muke shawartar kowane mai nauyin jiki irinmu. Mako biyu na farko babu gudu ko kaɗan, tafiya ce da sauri ta minti 20, irin tafiyar wanda ya makara zuwa tashar mota. A mako na uku sai a soma sassarfa ta minti 1, a bi ta da tafiya ta minti 2, a maimaita haka har sau shida ko bakwai. Kwana uku a mako ya isa, ana tsallake yini ɗaya a tsakani, domin a ranar hutu ne tsoka ke gyara kanta ta ƙara ƙarfi. Kowane mako a ɗan ƙara wa gudun, a ɗan rage wa tafiyar. Wanda ya ji mako ya yi masa nauyi ya maimaita shi, babu wanda ke riƙe da bulala. A haka mafi yawan masu lafiya kan kai ga sassarfar rabin awa ba tsayawa cikin wata biyu zuwa uku. Ma'aunin sauri kuwa ba ya bukatar agogo: idan kana iya yi wa abokinka magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba, ko kana iya yin tasbihi a fili, to kana kan daidai. Idan magana ta gagara, sassauta. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda kuma ya ga tafiya da sauri ita ce iyakar ƙarfinsa, ya tsaya a kanta, ya sami mafi yawan amfanin. Uwar Muminai A'isha ta ruwaito mana cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma mun ga wannan ƙa'ida tana aiki a jiki kamar yadda take aiki a ibada.

Abin da ke faruwa a cikin jiki ba sihiri ba ne. Zuciya tsoka ce, idan ana ba ta aiki a kai a kai sai ta ƙara ƙarfi, ta dinga tura jini mai yawa a bugu ɗaya, bugunta na lokacin hutu ya ragu. Jijiyoyin jini su yi laushi, awon jini ya ɗan sauka. Tsokar ƙafafu kuma tana janye sukari daga cikin jini ta ƙone shi, shi ya sa ake matsa wa masu ciwon sukari da tafiya. Amma mu ji tsoron Allah, kada wani ya ji wannan ya je ya ajiye ƙwayoyin da likita ya ɗora shi a kai. Gudu mataimakin magani ne, likita kaɗai ke da ikon ragewa ko tsayarwa.

Wata tambaya ta malamai

Wani almajirin ilimi ya tare mu da hujja mai ƙarfi, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Ya ce: "Malam, ai Ibnu Abi Zaidin ya faɗa a Risala cewa an so mutum ya zarce da zikiri da istigfari da addu'a bayan sallar Asuba har rana ta fito ko ta kusa fitowa. Yaya za ku kira mutane su bar wannan su shiga titi?" Gaskiya ya faɗa, kuma wanda Allah Ya ba shi ikon zama a wurin sallarsa har hudowar rana, ba mu ce ya tashi ba. Ya cika zamansa, ya yi nafilarsa, sa'an nan ya fita, safiya ba ta ƙare ba. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mutum nawa ne ke wannan zama? Mafi yawanmu liman na sallamewa muke komawa shimfiɗa. Ba daga zikiri muke kiran mutane ba, daga barci muke kiransu. Shi kansa mai Risala ya ce wannan zaman ba wajibi ba ne. Kuma ambaton Allah ba a ɗaure shi da tabarma ba, tun da a ƙarshen Suratu Ali Imrana an yabi masu ambatonSa a tsaye da zaune da kuma a kishingiɗe. Mu dai abin da muke yi, mukan zauna mu kammala zikirin bayan sallah, mu jira gari ya ɗan waye yadda za a ga rami da kare, sa'an nan mu fita, harshe na istigfari ƙafa na aiki. Hirar duniya muke ƙoƙarin bari sai rana ta fito.

Gudu ɗaya ne aka hana, shi ne gudu zuwa sallah. Umurnin da ya zo shi ne a taho mata da natsuwa, abin da aka riska a sallata, abin da ya kuɓuce a cika. Abin dariya, wannan shi ne kaɗai gudun da dattawanmu suka yarda su yi, idan sun ji liman ya yi ruku'u.

Me ya sa safiya? Na farko, Manzon Allah (S.A.W.) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito wannan, Sakhru Algamidi (R.A.), ɗan kasuwa ne wanda ya riƙa tura hajarsa da sassafe har ya wadata. Na biyu, ƙasarmu ƙasar zafi ce. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 da rana, wanda ya yi gudu a cikinsa ya jefa kansa ga halaka. Da sanyin safe ake kama fara. Na uku, duk abin da aka ce sai yamma, baƙo ko biki ko jana'iza ko ciniki zai cinye shi. Sai dai safiya daga dare take farawa. Matasanmu da ke raba dare a fada suna shayi da latsa salula har ƙarfe biyu, ba gudu ba, Asubar ma a wuya take. An ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana ƙin hira bayan Isha'i. Kuma hadisin ƙulli uku da Shaiɗan ke yi a ƙeyar mai barci sananne ne: ambaton Allah ya kwance ɗaya, alwala ta kwance na biyu, sallah ta kwance na uku, sai mutum ya wayi gari da nishaɗi. Wanda ya riga ya kwance ukun nan ya gama mai wuyar, saura kawai ya ɗaura takalmi maimakon ya koma ya miƙa wa maƙiyinsa ƙeya.

Ladubba da kiyayewa

Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, a filin wasa kamar a ko'ina. Wando mai sauƙi wanda ya wuce gwiwa da riga mara nauyi sun wadatar, ba sai an sayi kayan ƴan ƙwallo ba. Takalmi dai a nemi mai laushin ƙasa wanda bai matse yatsu ba, ko na bosho ne, domin silifa da fatale suna kawo tuntuɓe. A runtse ido, a yi sallama ga wanda aka wuce, kada a tare hanya. A tafi ta gefen da ake fuskantar ababen hawa. A fita biyu ko uku, domin ranar da ƙiwuya ta kama ɗaya, kunyar ɗan'uwansa da ke jira a ƙofar masallaci za ta fitar da shi, kuma inda tsaro ya yi ƙaranci kada a yi nisa da gari. A sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Ranar da hunturu ya turnuƙe da ƙura, mai asma ko tari ya zauna gida. A watan azumi a koma tafiya mai sauƙi, ko a bari sai bayan buɗe baki.

Wanda ya haura shekara arba'in bai saba ba, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai ƙiba sosai, da wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji, ya fara zuwa a auna shi ya nemi shawara. Mai ciwon sukari ya riƙe dabino biyu ko uku a aljihu saboda faɗuwar sukari, ya kuma duba tafin ƙafarsa kullum, don rauni a wurinsa ba ya saurin warkewa. Duk wanda ya ji nauyi ko zafi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ya tsaya nan take, a kai shi gidan likita ranar, ba gobe ba. Tsamin cinya na kwana biyu ba komai ba ne, yana wucewa. Ciwo mai suka a gwiwa ko idon sawu kuwa, jiki ne ke magana, a saurare shi.

Iyayenmu mata da matanmu na birni ba a bar su a baya ba, kuma labarin Uwar Muminai ya ishe mu hujja. Injin niƙa ya karɓe turmi, famfo ya karɓe guga, alhamdu lillahi, amma zaman ɗaki da ƙiba sun shigo da nasu ciwon. Maigidan da ya fita neman lafiyarsa ya bar uwar ƴaƴansa da kumburin ƙafa bai yi adalci ba. Ta zagaya tsakar gida minti 20, ko ta fita da maƙwabtanta cikin cikakkiyar sutura, ko shi da kansa ya raka ta. Ku lura cewa Manzon Allah (S.A.W.) sai da ya sa jama'a suka yi gaba kafin tseren, wato ya nema mata sutura, bai hana ta motsi ba.

Muna da kalma ta musamman ga masu niyyar aikin Hajji. Mutum ya shekara goma yana tara kuɗin kujera, bai tara ƙarfin ƙafa na wata ɗaya ba. Sa'ayi kaɗai, kai da komo bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya kai kusan kilomita 3, kuma a cikinsa akwai wurin da aka sunnanta wa maza sassarfa, inda Nana Hajara ta yi gudu tana nema wa jaririnta ruwa. A ɗawafin isowa ma akwai sassarfa a zagaye uku na farko, wadda asalinta Umrar ramuwa ce a shekara ta 7 bayan hijira, lokacin da mushirikai suka ce zazzaɓin Madina ya raunana musulmi, aka umurce su da su nuna ƙarfinsu. Ga tafiyar jifa kwana uku ko huɗu cikin cunkoso. A Hajjin shekarar 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu, mafi yawansu saboda tsananin zafi da doguwar tafiya a rana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya biya kuɗi, ya fara tattaki tun yau.

Mu ukun da muka ɗore, yanzu wata bakwai ke nan. Har yau akwai safiyar da shimfiɗa ke rinjayarmu, ba za mu yi muku ƙarya ba. Amma tsayuwar tarawihi ta bana ba ta yi mana nauyin ta bara ba, kuma mai shayin nan ya daina tambaya, sai dai ya ɗaga hannu ya ce: "Baba, a dawo lafiya." Ɗan'uwanmu mai jinya kuwa, likita ya umurce shi da ya dinga taka ƙafar. Yakan dogara sanda, ɗansa na riƙe da shi, ya raka mu daga ƙofar masallaci zuwa gindin dogon yaron da ke kusurwa, taku kamar sittin, ya zauna nan ya jira dawowarmu. Muna roƙon kwamitocin masallatai su nemi wani ma'aikacin lafiya daga cikin masallata ya dinga zuwa da abin awo ko da sau ɗaya a wata, bayan sallar Juma'a, a auna duk mai so.

Ya Allah Ka ba ɗan'uwanmu lafiya, da sauran marasa lafiyar musulmi na gida da na asibiti. Ka tsare mu daga kasala da gajiyawa, Ka jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin Ka raya mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.